Wa ya ba ta ikon halattawa? Muhawarar zaure kan Mary Warnock da kwana 14

Ɗalibin Falsafa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma ba zan iya kwana da abin a ciki ba. Ɗazu a walimar sunan ɗan yayata, kawunmu ya tashi yana gabatar da mu ga abokansa. Ya dafa kafaɗar wana ya ce wannan likita ne. Ya nuna ƙanena ya ce wannan injiniya zai zama. Da ya zo kaina sai ya ɗan yi shiru, ya ce, "wannan kuma karatun surutu yake yi, Allah ya shirya." Aka kwashe da dariya. Ina riƙe da farantin shinkafa, na ajiye shi a kan tabarma, ban ƙara kai loma ba. Shekara huɗu ina ƙona idona a kan littafi, a gaban baƙi a ce surutu.

To ga tambayata. Cikinku wa ya san Mary Warnock? Malamar falsafa ce a Ingila, ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Oxford, ba ta taɓa riƙe allura ba. A 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaje-gwaje kafin a mayar mahaifa. Hankalin mutane ya tashi, likitocin da kansu ba su san inda za su tsaya ba. Da gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a 1982 don duba lamarin, ba likita ta ba shugabanci ba, wannan baiwar Allah ta ba. A 1984 suka miƙa rahoto. Ita ce ta halatta bincike a kan ɗan tayi har zuwa kwana 14, daga nan a tsaya cak. Ƙasashe da dama sun bi wannan ƙa'ida. Likitoci da masana kimiyya suna aiki a cikin shingen da mai "karatun surutu" ta kafa musu. Ina son wani ya faɗa mini inda na yi kuskure da na ce al'ummar da ta raina falsafa, ta bar wasu su yi mata tunani.

Almajirin Sunna: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna. Ta me? Ta halatta? Wa ya ba ta ikon halattawa? Halal da haram na Allah ne da Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka janye wannan kalma kafin a ci gaba da kowace magana.

Ɗalibin Falsafa: Malam, ba halal na shari'a nake nufi ba. Kullum a rediyo ana cewa majalisar ƙasa kaza ta halatta abu kaza, kowa ya san dokar ƙasa ake nufi.

Almajirin Sunna: Don 'yan rediyo sun saba faɗa bai zama daidai ba. Ta haka ake shigo da abubuwa, yau a aro kalma, gobe a aro hukunci. Yaro ya karanta wannan rubutu naka, me zai ɗauka? Zai ɗauka akwai wata mata a Ingila da ke raba halal da haram. Ka ce ta ba da izini, ko ta ba da shawara, amma halattawa ba tata ba ce.

Lauyan Zaure: Ku yi mini afuwa, ku duka biyun akwai gyara. Ko a ma'anar doka ba ita ta halatta ba, domin kwamiti ba ya yin doka. Su 16 ne a kwamitin, da likitoci da lauyoyi da masu aikin jin daɗin jama'a da malamin addinin Kirista. Shawarwari suka bayar, kuma ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba: mutum uku sun sa hannu a kan cewa sam ba su yarda a yi bincike a kan ɗan tayi ba, ko na kwana ɗaya ne. A 1985 wani ɗan majalisa, Enoch Powell, ya kawo ƙudurin hana binciken gaba ɗaya, ya samu rinjaye mai yawa a karatu na biyu, ƙarancin lokaci ne ya kashe ƙudurin. Sai a 1990 majalisa ta yi dokar, kowane ɗan majalisa ya jefa ƙuri'a bisa abin da zuciyarsa ta yarda da shi, ba umarnin jam'iyya ba. Hukumar da ke ba asibitoci lasisi, HFEA, ta fara aiki a 1991. Shekara shida tsakanin rahoto da doka. Kuma kwana 14 ɗin ma wani kwamiti a Amurka ya riga ya ambace shi tun 1979. Saboda haka in dai halattawa ce ta doka, majalisa ce ta yi.

Ɗalibin Falsafa: Barista na yarda, amma wa ya zaunar da mutum 16 masu saɓanin ra'ayi har suka fito da abin da majalisa za ta iya riƙewa? Wannan shi ne aikin da nake magana a kai.

Ɗan Fagge: Ni fa ban gane ba. Zubar da ciki ake nufi ko me? Ku yi mana Hausa.

Anti Ungozoma: A'a ɗana, ba cikin da ya zauna a mahaifa ake magana ba. Idan mata da miji sun kasa samun haihuwa, ana ciro ƙwai daga jikin matar, a haɗa da maniyyin mijin a ɗan faranti a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan kwana uku ko biyar a mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifa. Sau da yawa ana samun ragowa. A lokacin bai kai ɗigon biro ba, sai da madubin likita ake ganinsa. Maganar ita ce, wannan ragowar, ana iya yin nazari a kanta don a gane dalilin ɓari da rashin haihuwa, ko ba a iyawa? Su suka ce ana iyawa, da lasisi, da yardar masu shi, amma kada ya wuce kwana 14 yana girma a wajen jiki, kuma wanda aka yi bincike a kansa ba a mayar da shi jikin mace. Dalilin 14 kuwa, wajen wannan lokaci ne wani ɗan siririn layi yake fitowa, wanda daga shi jiki ke fara sanin ina ne kai ina ne ƙasa. Kafin fitowarsa abu ɗaya na iya rabuwa ya zama tagwaye, bayan ya fito ba ya rabuwa. Wata masaniyar halittu a kwamitin, Anne McLaren, ita ta yi musu wannan bayani.

Almajirin Sunna: Anti na gode da bayani, amma har yanzu bai janye kalmar ba.

Malamin Soro: Allah ya gafarta malam, ka riƙe wa yaron nan wuya a kan lafazi, alhali mu ma a Hausa muna cewa "ɗan halak", muna cewa "kuɗina ne halak malak", ba wanda ya ce fatawa muke bayarwa. Kalma tana da ma'anar lugga, tana da ma'anar shari'a. Wannan tun a Ajurumiya ake koya wa ɗalibi cewa lafazi ɗaya na da ma'ana a wurin masu lugga da wata a wurin masu fanni. Abin da ya kamata mu tattauna shi ne kwanakin. Hadisin Ibn Mas'ud, na huɗu a Arba'una, ya kawo arba'in uku: ɗigon maniyyi, gudan jini, tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Jimla 120. Amma mu Malikawa ba mu tsaya jiran 120 ba. Shehu Dardir ya ce maniyyin da ya riga ya zauna a mahaifa bai halatta a fitar da shi ba ko kafin arba'in. Tambayar da ta rage ita ce wanda bai shiga mahaifa ba tukuna, yana faranti, shin hukuncinsu ɗaya?

Almajirin Sunna: Ina kawo maka hadisi kana kawo mini Dardir. Kuma ka manta da hadisin Huzaifa bin Asid a Sahihu Muslim, wanda ya ambaci dare 42. Wannan ita ce matsalarku, an ce Manzon Allah ya ce, ku ce mazhaba ta ce.

Malamin Soro: Ni na fara kawo hadisi a zauren nan yau, ka koma sama ka duba. Kuma Dardir ba daga aljihunsa ya ciro ba. Kai da ka fara karatu jiya a kaset za ka koya mini girmama hadisi?

Almajirin Sunna: Kaset ɗin da na ji ya fi a yi shekara talatin ana maimaita Ishmawi ba a wuce babin alwala ba.

Shugaban Zaure: Malamai, ku ji tsoron Allah. Dokar zaure ta hana gorin ƙungiya. Wanda ya ƙara zan cire shi na kwana uku.

Ɗalibin Falsafa: Kun ga abin da nake faɗa? Malamai biyu, littafi ɗaya, alƙibla ɗaya, ga 40, ga 42, ga 120. To ku ɗauka ƙasar da ke da Katolika, waɗanda fadar Paparoma ta fitar musu da takarda a 1987 tana ƙin haɗa ɗan tayi a faranti a dasa a mahaifa gaba ɗaya, ga 'yan cocin Ingila, ga Yahudawa, ga Musulmi, ga waɗanda ba su da addini, kuma dole a yi doka ɗaya da za ta hau kan kowa. Abin da Warnock ta yi shi ne ta ƙi tsayawa a kan tambayar yaushe mutum ke zama mutum, domin ta san ba za a taɓa gamawa ba. Ta juya tambayar ta koma: yaya ya dace a riƙa mu'amala da ɗan tayin ɗan Adam? Suka ce yana da wata daraja ta musamman da ta fi ta naman dabba, ko da ba a ba shi cikakken haƙƙin jariri ba. Kuma ta nace a sa adadin kwanaki, ba a ce "sai layi ya fito" ba, saboda kwana kowa na iya ƙirgawa, mai bincike da mai sa ido da alƙali. Wannan tunani ne na mai falsafar siyasa: ina iyakar abin da doka za ta tilasta wa mutanen da ba su yarda da juna ba?

Almajirin Sunna: Wato ta guje wa tambayar gaskiya ta nemi abin da zai yi wa kowa daɗi. Shi ya sa Imam Gazali ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rushe su. Falsafa ƙofar zindiƙanci ce, kawunka bai yi ƙarya ba, sai dai bai iya faɗa ba.

Ɗalibin Falsafa: Malam ka karanta littafin kuwa? Mas'aloli 20 ya tattauna, a uku ya kafirta su: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san juz'iyyai ba, wato ɗaiɗaikun abubuwa, da musun tashin jikkuna. Shi kansa Gazali ya rubuta littafi a kan manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ya kuma sa manɗiƙi a gabatarwar littafinsa na usulu. Wanda ya mayar masa da martani kuwa Ibn Rushd ne, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, likita, mai Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a makarantunmu. Ibn Sina da likitoci ke alfahari da shi, da me aka san shi bayan likitanci? Ina ruwan kwana 14 da dawwamar duniya?

Malamin Soro: Wannan gaskiya ne, Bidaya tana nan a kan kantata yanzu haka.

Almajirin Sunna: Ai dama na san za ka goya masa baya, tunda ni ne a ɗaya ɓangaren.

Ɗan Fagge: Ni duk wannan bai dame ni ba. Turawan nan da kuke yabo, ina falsafarsu take a 1996? Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a nan Kano ya gwada maganin Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Abin da bai kai ɗigon biro ba sun kafa masa kwamiti da hukuma da lasisi a ƙasarsu, 'ya'yanmu masu suna da iyaye kuma fa? Kada wanda ya zo ya ce mini wata Baturiya ta san darajar rai.

Lauyan Zaure: Don adalci, kamfanin na Amurka ne ba na Ingila ba, kuma ya musanta laifi, ya ce ciwon ne ya kashe yaran, ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. An yi shari'a a nan da Amurka, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ɗan Fagge: Barista kai lauyansu ne?

Lauyan Zaure: Ni lauyan gaskiya ne. In ka faɗi abu rabi zan cika.

Ɗalibin Falsafa: Yaya Ɗan Fagge, wallahi maganarka hujjata ce ba taka ba. Abin da ya faru a Kano shi ne ainihin abin da fannin nan yake magana a kai: ba a gwada magani a jikin mutum sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda ba tilas. An rubuta wannan tun 1947 bayan shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, aka sake ƙarfafa shi a Helsinki a 1964. Wata malamar falsafar ma, Onora O'Neill, ta yi laccoci a BBC a 2002 a kan amana, tana nuna cewa tara takardu da sa hannu ba ya haifar da yarda, sai in hukuma ta zama abin yarda da gaske. Shekara guda bayan nan aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma kowa ya san tunawa da 1996 na cikin abin da ya sa mutane suka ƙi. Da muna da namu masu wannan karatu, zaune a kwamitocin asibitoci, masu jin Hausa, masu sanin fiƙihu, masu iya cewa a'a, da wa zai shigo haka kai tsaye? Amma wanda ya ɗauko karatun sai a ce masa Allah ya shirya.

Mazaunin Ingila: Ƙanena ina tare da kai a rabi, amma ka faɗi matar nan gaba ɗayanta. Ina nan ƙasar a 2008 lokacin da ta yi hira da wata mujallar cocin Scotland, ta nuna cewa masu gigin tsufa suna cinye rayuwar iyalansu da dukiyar hukumar lafiya, kuma ba laifi ba ne mutum ya ga ya kamata ya mutu don kada ya zame wa nasa nauyi. Ƙungiyoyin masu kula da irin waɗannan marasa lafiya sun yi mata ca. Ta daɗe tana goyon bayan a ba marar lafiya damar neman a taimaka masa ya mutu. Ni aikina ke nan, kula da tsofaffi. Akwai wata tsohuwa da nake ba abinci da cokali, ba ta san sunan 'yarta ba, amma in aka kunna wata tsohuwar waƙa sai ta kama hannuna tana bi baiti baiti. Ranar da na ji maganar Warnock wannan tsohuwar na tuna. Ilimi ne da ita, ban musa ba, amma a nan ta yi mummunan kuskure.

Ɗalibin Falsafa: Yaya ban yarda da ita a wannan ba ko kaɗan, kuma masu falsafa da yawa sun yi mata raddi. Ban ce waliyyiya ce ba. Mace ce da ke iya fitowa ta ce ta sake tunani. Rahoton da ta jagoranta a 1978 kan karatun yara masu buƙata ta musamman shi ya buɗe ƙofar sa su a makarantu ɗaya da sauran yara, amma a 2005 ta fito ta ce yadda aka aiwatar da abin ya cutar da wasu yaran, a sake dubawa. Shugabanni nawa ne a nan za su iya haka?

Almajirin Sunna: Kun ji ko? Yau ta halatta ɗan tayi, gobe ta halatta kashe tsofaffi. Na gaya muku daga kalma ake farawa.

Malamin Soro: Ga shi kai ma yanzu ka ce "ta halatta", har sau biyu.

Almajirin Sunna: Hikaya nake yi, mai hikayar kafirci ba kafiri ba ne.

Ɗan Fagge: Mazaunin Ingila, kai da ka tafi wanke tsofaffin Turawa ka bar naka a gida, kai ne za ka yi mana wa'azin tsofaffi? Kuɗin gyaran maƙabarta da aka yi karo-karo bara ma har yau ba mu ga naka ba.

Mazaunin Ingila: Na tura ta hannun ma'aji tun watan Sha'aban, ga shi nan a zaure ya faɗa. Kuma da wannan wankin nake biya wa mahaifiyata kuɗin asibiti da karatun ƙannena huɗu. Ban ji kunyar sana'ata ba. Ka nemi gafarata.

Ma'aji: Ya tura, ina da shaida. Ɗan Fagge ka yi kuskure.

Ɗan Fagge: To ai ba a sanar ba. Laifin ma'aji ne da ba ya fitar da lissafi.

Mai Jiran Rabo: Salamu alaikum. Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau na kasa yin shiru. Ku kuna faɗa a kan kalma, ni abin a jikina yake. Shekara 11 da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha rubutu, na sha gori a gidan biki har na daina zuwa. Bara maigidana ya sayar da filinsa muka je aka yi mana dashen. Allurai na yi ta yi wa kaina a ciki kullum da daddare har fatar ta yi baƙi. Biyar suka haɗu. Aka sa mini biyu, Allah bai nufa ba, ba su zauna ba. Uku suna can a daskare, duk shekara muna biyan kuɗin ajiya. Ranar da za mu fito aka miƙo mana takarda da Turanci, wai mu zaɓa: in mun gama buƙata a ci gaba da ajiyewa, ko a bar su su lalace, ko a bayar don nazari. Maigidana ya riƙe biro ya kalle ni, na kalle shi. Ba mu cike wurin ba har yau. Da daddare nakan tuna su uku a cikin sanyi, in rasa ko 'ya'yana ne in yi musu addu'a, ko ba su kai nan ba. Ni ban san Warnock ba sai yau, amma aƙalla ta zauna ta yi tunanin irin halin da nake ciki. Don Allah malamai, me zan rubuta a takardar nan?

Anti Ungozoma: Allah sarki 'yata. Allah ya dube ki da idon rahama, ya sa rabonki na cikin ukun nan. Kada ki yanke ƙauna, na ga waɗanda sai a karo na uku ya zauna. Ki neme ni ta gefe.

Malamin Soro: Hajiya, Allah ya share miki hawaye. Dashen kansa, in ƙwanki ne da maniyyin mijinki kuma aure na nan, malamai sun daɗe da ba da fatawa a kai, tun fatawar Shehu Jadul Haƙƙ ta Masar a 1980. A kan ragowa kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1990, ta ce a yi ƙoƙari kada a haɗa fiye da buƙata, in kuma an samu ragowa a bar ta ba tare da kulawar likita ba har ta ƙare da kanta, kuma haramun ne a sa ta a mahaifar wata mace. Amma ke ai ba ki gama buƙata ba tukuna. Ki kai takardar wurin malamin da kika amince da shi tare da likitarki, a karanta muku ita da Hausa layi layi kafin ku sa hannu.

Almajirin Sunna: Allah ya ba ki mai albarka, Hajiya. Kun gani, malamanmu sun riga sun yi magana, to me muke nema wurin 'yar falsafa? Wannan ita ce halattawa ta gaskiya, daga masu ita.

Ɗalibin Falsafa: Kuma malaman na Jidda sai da suka zauna da likitoci, suka auna maslaha da ɓarna, suka bambance wanda ke mahaifa da wanda ke faranti. Wannan aunawar me sunanta?

Almajirin Sunna: Sunanta fiƙihu.

Lauyan Zaure: Ƙarin bayani kaɗan: a 1984 babu wanda ke iya raya ɗan tayi a faranti har kwana 14, shingen yana nesa. Sai a 2016 masu bincike a Cambridge da New York suka kai kwana 13 suka tsaya saboda ƙa'idar. Nan aka fara kiran a ƙara kwanakin, ita kuwa Warnock, tana da shekara 92, ta ce a bar shi yadda yake. Ta rasu a 2019.

Ɗan Fagge: Har yanzu ma'aji bai fitar da lissafin ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Na karanta komai tun daga sama. Abin da ya fito fili shi ne ɗanmu Ɗalibin Falsafa ya yi kuskuren lafazi, kuma Malam Almajirin Sunna ya yi daidai da ya tsayar da shi, domin harshe shi ke kai mutum ya baro. Barista ya tabbatar mana cewa matar nan ba ita ta yi doka ba, shugabancin zama kawai ta yi, bayanin kimiyyar ma wata ce ta kawo, kwana 14 ɗin kuma a Amurka an riga an ambace shi. Ɗan'uwanmu na Ingila, wanda ya gani da idonsa, ya nuna mana inda irin wannan tunani yake ƙarewa. Ɗan Fagge ya tuna mana da abin da aka yi wa yaranmu, kuma ba mu manta ba. Malaman Musulunci sun riga sun warware mas'alar tun 1980 da 1990, saboda haka ba mu da giɓin da wani zai cike mana. Ni 'ya'yana biyu likitoci ne, kuma ban taɓa jin sun ce sun rasa mai falsafa a ɗakin tiyata ba. Ɗana, kawunka uba ne, ka je ka gaishe shi gobe, kada ka riƙe shi a zuci, kuma in da hali ka haɗa da wani kwas da zai ba ka aiki. Hajiya Mai Jiran Rabo, duk zaure na yi miki addu'a. Ma'aji ka kawo lissafin maƙabarta ranar Juma'a. Na rufe wannan magana, wanda ya ƙara rubutu a kanta zan goge.